Kyautar da Aka Liƙe da Dalma

Sallama gare ku, masu bibiyata. Wadda ta rubuto mani cewa girman kai ne zai tsofar da ni a ɗakin Innata, na ga saƙonki, kuma ban goge shi ba. Gyara zama, yau za ki samu abin ƙarawa a kai.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, sunana Shamsiyya, a Mayahi nake zaune gidan iyayena. Jeyografi na karanta a Maraɗi, aikina kuma zana taswira. Wata ƙungiyar makiyaya ce ta ɗauke ni in fitar mata da taswirar burtali, wato hanyar da shanu ke bi tsakanin gonaki, tun daga Issawane har kudu. Kafin ruwan farko ya sauka za a yi zama tsakanin manoma da makiyaya, a haska taswirar a bango, kowa ya ga inda gona ta ci hanya. In babu taswira, gardama kawai za a sha a watse, kuma duk mun san abin da ke faruwa idan gero ya fito shanu ba su da wurin wucewa. Ƙannen Babana biyu, su Baffa, ta nan suke kora shanunsu.

Sai kuma Gazali, mai nemana da aure. Ma'aikaci ne a Tasawa, dogo, mai sanyin magana, rigarsa kullum kamar yanzu aka ɗauke ta daga ƙarƙashin dutsen guga. Ina son shi. Na faɗa tun yanzu, don kada wata ta ce dama hanyar gudu nake nema.

Ranar da abin ya faru daga Issawane na dawo, bayan na kwana biyu ina bin burtali a bayan babur da na'urar auna wuri a hannu. Gumi ya manne mani hijabi a wuya, ba abin da nake so irin in watsa ruwa in kwanta. Tun daga ƙofar gida na ga takalman mata birjik. Ina sa ƙafa Gwaggo Biba, ƙanwar Babana da ke zaune tare da mu, ta rangaɗa guɗa.

"Ga mai sa'ar nan ta iso. Taho ki gani, ɗiyata, taho ki ga abin arziki."

A tsakiyar tabarma an ɗora wani farin kwali bisa sabon faifai, an lulluɓe shi da ɗankwali mai ruwan zinari. Gwaggo ta yaye ɗankwalin a hankali, ta buɗe kwalin. Kwamfuta ce, ruwan azurfa, siririya ƙwarai, in ka ɗauke ta da hannu ɗaya sai ka zaci kwalin ne kawai. Matan unguwa suka miƙo wuya.

"Har gidan liman na kai ta aka sa albarka," in ji Gwaggo. "Kuɗɗinta sun kai bijimi biyu. Nana Firdausi ce ta hwaɗa mani da bakinta."

Nana Firdausi ƙanwar Gazali ce, ita ta kawo kayan tun da hantsi. Inna kuma ta riga ta ba ta tukwici, ƙwaryar man shanu da zabi biyu. A wurinmu in aka ba da tukwici, to an karɓi kaya, an kuma karɓi mai kaya.

Ba zan yi maku ƙarya ba, na ji daɗi. Na shafa bayanta, sanyi ƙalau, na ce a raina mutumin nan ya san ni, bai aiko da atamfa da turare ba, abin aikina ya aiko. Na yi murmushi har matan suka fara tsokanata. Da suka ragu na shiga ɗaki in ɗauko tsohuwar kwamfutata in ajiye su gefe da gefe.

Ba ta cikin durowa. Na duba ƙarƙashin gado, na duba bayan akwati, na ɗaga katifa kamar wata mahaukaciya.

Bari in gaya maku wace ce tsohuwar. Baƙa ce, mai kauri, mai nauyi, Gwaggo dutsen niƙa take ce mata. Ta hannu na saye ta a Maraɗi ina ɗaliba, ban kuma sa mata lambar sirri ba saboda Gwaggo na kallon finafinai a kanta da yamma. Amma a cikinta akwai ramuka biyu na ƙwaƙwalwar aiki, RAM ɗin da kuke ji. Ƙwaƙwalwar nan 'yan sanduna ne sirara, baret muke ce masu, kuma kamar faɗin tabarmar da kake shanya a kai suke: in ƙarama ce, komai yawan hatsinka kaɗan-kaɗan za ka riƙa shanyawa. Da giga takwas na same ta. Da aikina ya girma na kwance bayanta da kaina na sa baret babba, daga baya na ƙara ta biyu, ta koma giga talatin da biyu. Hotunan tauraron ɗan'adam na yankin Issawane gaba ɗaya take buɗewa, ta yi ta huci amma ba ta tsayawa.

Na fito tsakar gida.

"Gwaggo, ina tsohuwar?"

"Wace? Dutsen niƙa? Yo ai ita aka ba mai shagon, ɗan mutane ya yi ciko. Musaya kenan. Ni na ɗauko wa Nana Firdausi ita tun shekaranjiya, aka ce kada a hwaɗa maki."

Inna na tankaɗe a ƙofar madafa, ba ta ɗago ba. Wayata ta yi ƙara, saƙon Gazali ne.

*Bonne arrivée, gimbiya. Kin ga ɗan saƙona? Kada ki damu da dosiyoyin aikinki da ke cikin tsohuwar, Laminu mai shago ya kwashe maki komai cikin sabuwar. Daga yau kin huta da ɗaukar kaya.* Da hoton zuciya ja guda uku.

Na koma ɗaki na kunna ta. Gaskiya ya faɗa, komai na nan. Na sa mata manhajar taswira daga kilena, ɗan filashin nan na ajiyar bayanai, na danna aikin burtali, na jira. Wani ɗan zobe ya fito yana juyawa. Na je na yi wanka na dawo, yana juyawa. Na yi la'asar, na shafa mai, na ɗaura zane, rabin hoton ya fito, ina taɓa shi komai ya daskare.

Na duba cikinta. Giga takwas.

Ban firgita ba tukuna. Na ce ba komai, baret ce, a saya a ƙara. Na kifa ta ina neman inda ake buɗewa, ban gani ba. Na ɗauki waya na bincika lambarta, sai ga bayanin ƙarara: ƙwaƙwalwarta a liƙe take da dalma a jikin allon cikinta. Babu rami, babu baret, ba a cirewa, ba a ƙarawa. Yadda ka saye ta haka za ta tsufa a hannunka. Kuma kamfanin hawa-hawa yake sayar da ita da suna ɗaya. Farashin da suke tallatawa na ƙaramar ne, mai giga takwas. In kana son mai yawa, ranar saye za ka faɗa, su kuma caje ka ninkin abin da baret ke ci a kasuwa, don sun san ba ka da wata ƙofa. Wadda ke gabana, wadda aka zagaya unguwa da ita a kan faifai, ita ce ta ƙasan duka.

Sai a lokacin raina ya ɓaci, ɓaci na sosai. Na kira shi.

"Gimbiya," ya ce, ina jin murmushinsa. "Ta yi maki?"

"Ya Gazali, na gode, Allah ya ƙara buɗi. Amma ba ta iya aikina. Ƙwaƙwalwarta ta yi kaɗan."

Ya yi dariya. "To ai sai a ƙara mata. Bon, gobe in yi wa Laminu magana."

"Ba a ƙara mata. A liƙe take."

"Haba, Shamsiyya. Abu mai tsada haka? Ki kwanta ki huta, gajiyar hanya ce."

Kun ji ko? Gajiyar hanya ce. Na yi mashi sallama da ladabi na kashe wayar.

Da safe na sa atamfata kore mai zanen ganye, na yafa baƙin mayafi, na mayar da kwamfutar cikin kwalinta har da ledar da ta zo da ita. Baba ya fita kasuwar shanu ta wajen Attantane tun asuba, sai yamma zai dawo. Ina fitowa Gwaggo ta tare ƙofar zaure da hannu biyu, buta na rataye a yatsanta.

"Ina za ki da kwalin ga?"

"Tasawa. Zan karɓo tawa."

"Mayar da kayan toshi za ki yi? Bayan tukwici? Ke Shamsiyya, mi ya shiga kanki? Jiya-jiya na bi gida-gida da shi bisa kaina. Da wane ido zan dubi matan unguwa?"

"Gwaggo, ba ta buɗe taswirar."

"To ki rage taswirar mana. Dole sai duka?"

Wallahi saura kaɗan in yi dariya. Na ce, "Wane yanki zan rage, Gwaggo? Inda su Baffa ke bi, ko inda na wasu ke bi?"

Ta sauke hannu ɗaya, ta juya wajen madafa. "Halimatu, ki yi magana mana. Ɗiyarki ce."

Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ni ce ta fari. Tana kallon garwashin da take fifitawa ta ce, "Ke. Abin da za ki yi, yi shi da ladabi. Yaron bai yi don mugunta ba."

Ba ta ce tafi ba, ba ta ce zauna ba. Na bi ta ƙarƙashin hannun Gwaggo na wuce.

A mota na rungume kwalin a cinya, tsakanin wata mai buhun wake da wani tsoho mai tari. Saƙonni suka yi ta shigowa. Nana Firdausi: *Anti, wai gaskiya ne abin da Gwaggo Biba ta kira ta faɗa wa Mamanmu?* Ƙawata ta lise, wato sakandare: *Ke wai kin haukace? Ni ko ba ta kunnuwa zan ajiye ta a falo.* Ban amsa ko ɗaya ba.

Shagon Laminu na bakin kasuwar Tasawa, ƙarami, da fanka mai ƙara da akwatin gilashi cike da caja da kile. Shi kansa gajere ne mai tumbi, da tabarau rataye a wuya. Ina shiga na gan ta a kan tebur. An kifa ta, an cire murfin bayanta, ramukan nan biyu fayau babu komai. Baretocina kuma ga su can cikin gilashi, an jera su da na sayarwa.

Ni da nake alfahari ana iya ƙara mata, ban taɓa kawo wa raina cewa haka ake iya kwashe mata ba. Ji na yi kamar na tarar da akuyata a rataye a mahauta.

"Malam Laminu, ina kwana. Ni ce mai wannan."

Ya dube ni, ya dubi kwalin, ya sa tabarau. "Madam, lahiya lau. Sabuwar ta samu matsala?"

"Ba ta da matsala, ba ta dai yi mani ba. Ga taka, ba ni tawa, da baretocina biyu."

"Ai kuwa baretocin ga su ne kuɗɗin, gangar jikin ba ta da wani amfani. Akwai ma wanda ya ce in ajiye mashi su zuwa anjima." Ya sosa gemu. "Kuma ki yi haƙuri, Madam, ba da ke na yi ciniki ba. Wanda ya ƙulla shi ka kwancewa."

Ban yi gardama ba, don gaskiyarsa. Na fito da waya na rubuta: *Ina shagon Laminu. Don Allah ka zo.* Na zauna a benci na kafa wa gilashin ido, duk wanda ya shigo sai gabana ya faɗi.

Ba a jima ba na ji tsayuwar babur. Gazali ya shigo cikin shadda ruwan ƙasa, katin aikinsa rataye a ƙirji, fuskarsa babu murmushin nan. Ya gaida Laminu, ya dubi kwalin da ke kan tebur, sannan ya dube ni.

"Da kin jira ni a gida, Shamsiyya."

"Da na jira da an sayar."

Ya juya. "Laminu, ƙara wa sabuwar abin da take so. Ko nawa ne."

Laminu ya yi ƙasa da murya. "Patron, wagga ba a ƙara mata. Daga kamfani take haka."

"Ka ce mani ita ce ta ɗaya."

"Sunan ne na ɗaya, patron. Ka ce in ba ka mai sunan, siririya, wadda ba ta da nauyi. Ita na ba ka. Babbar yayarta sai an yi odarta daga waje, kuɗɗinta kuma sun kusa ninki. Ba ka tambayi giga ba."

Na ga kunya ta rufe shi, ta namijin da aka yi wa bayani a gaban mace, kuma ban ji daɗin ganin haka ba ko kaɗan. Mutumin nan dabbobinsa ya taɓa don ya faranta mani. Masu wucewa biyu sun riga sun tsaya a ƙofa suna kallo.

"D'accord," ya ce. "A yi odar babbar. Zan san yadda zan yi. Ki riƙe wannan kafin ta iso."

"Kafin ta iso an yi ruwa, an yi shuka, an yi zaman babu taswira."

"To ki ari ta wani."

"Ga tawa a gabana, in je aro?"

Ya matso, ya rage murya yadda Laminu ba zai ji ba, ko da yake Laminu ya baza kunne. "Kin san abin da Mamana ta ce da safen nan? Ta ce yarinyar da ta mayar da toshi ta ba da amsa. In kika bar kwalin nan a kan teburin nan, haka kowa zai ɗauka, daga Tasawa har Mayahi."

"Kai fa, ya za ka ɗauka?"

Ya kau da kai wajen ƙofa.

"Ya Gazali, ni ban raina kyautarka ba. Jiya da na gan ta har zuciyata na ji daɗi. Amma an shiga ɗakina ba na nan, an ɗauki abin da nake cin abinci da shi, an kawo kasuwa. Kai da Gwaggo da Nana Firdausi duk kun sani, ni kaɗai ce ban sani ba. Tambaya ɗaya da ka yi mani da ta wadatar. Giga nawa kike so? Shi kenan."

"In an tambaya ai ba kyauta ba ce kuma."

"To ni na fi son a tambaye ni."

Fanka ta yi ta ƙara. Gazali ya dubi tsohuwar da cikinta a buɗe, baƙa, gefenta ya goge saboda ɗauka. Can ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Laminu, ba ta kayanta. Ni da kai za mu yi magana daga baya."

Laminu ya buɗe gilashin yana ƙunƙuni, ya fito da baretocin. Ya miƙo hannu zai mayar da su, na ce ya bari. Na karɓi baret ta farko, na sa bakinta a ramin a karkace, na danna, ta ce ƙas. Na sa ta biyu. Na mayar da murfin, na ari sukudireba na ɗaure kusoshin ɗaya bayan ɗaya. Na kunna ta, ta yi hucinta da na sani. Laminu bai kai ga goge komai ba, don haka na danna aikin burtali, sai ga Issawane ta buɗe gaba ɗaya, gonaki da rijiyoyi da jan layin da na zana yana ratsa su.

Na tura farin kwalin zuwa wajen Laminu. Hannun Gazali ya sauka a kai.

"A'a," ya ce. "Ba a shago na ba ki ba, ba kuma a shago zan karɓa ba. Gidanku aka kai ta. In mayarwa ce, a mayar mani a can, gaban Baba."

Ya ɗauki kwalin, ya fita, ya ɗaure shi a bayan babur da roba, a natse, kamar mai ɗaure buhun gero. Bai ce in hau ba, ni ma ban ce ya jira ni ba. Na tsaya a ƙofar shagon ina kallonsa ya hau hanyar Mayahi, da katin aiki a wuya, a tsakiyar ranar aiki.

Ku da ke jiran in ce na bi shi da gudu ina kuka, ban bi ba. Hawayen sun zo, ba zan ɓoye ba, na share su da gefen mayafi. Na sa tsohuwar a jaka, igiyar ta nutse a kafaɗata yadda ta saba, na taka zuwa tasha. Motar ta daɗe ba ta cika ba, don haka na buɗe ta a cinya na ci gaba da gyara layin da ya rage wajen wata rijiya. Ta yi ta ƙona mani cinya, ban sauke ta ba.

Mun wuce rabin hanya, rana ta karkata, wayata ta yi ƙara. Baba ne. Shi da bai cika kira ba sai dai ya aiko.

"Kina ina?"

"Ina hanya, Baba."

"Na dawo na tarar da baƙo zaune a zaure da kwali a gabansa. An kawo mashi ruwa bai sha ba. Ya ce ba shi magana sai kin iso." Ina jiyo kukan Gwaggo daga nesa. "Waccan baƙar tana wurinki?"

"Tana wurina."

"To ki shigo da ita. Ina son in ga abin da ya fi ɗan mutane daraja."

Wata mai buhun gyaɗa da ke gefena ta juyo tana kallona. Na rufe kwamfutar, na ɗora hannuwana biyu a kanta.

"To, Baba," na ce. "Ga ni nan. Zan shigo da ita, kuma a gabanku zan kunna ta."